Teburin Mafarauci: Jagorar Kula da Bindigar Farauta a Cikin Gida

Duk shekara, da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, iskar hunturu ta fara gangarowa daga Azawak, sai samari su soma sallama a zaurena a nan Tawa, kowa da bindigarsa a naɗe cikin buhu. Wani daga Kalfu, wani daga Barmu, wani ya taso tun daga Takanamat. Ciwon kuwa ɗaya ne: ciki ya yi tsatsa, kunama ta daskare, ƙota ta tsage, kan sukurori ya lalace saboda an yi ta buɗe su da bakin wuƙa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro da ya zo mini bara da bindigar da ya gada wurin mahaifinsa. Ya miƙo mini ita bakinta na kallon cikina, yana cewa, "Baba, ba komai a ciki." Na kauda bakin, na karya ta, sai ga harsashi kwance tun kafin rasuwar tsohon. A kan babur ya ɗauko ta, ya ratsa kasuwa da ita a haka.

A iya zamana da sana'ar gyaran bindiga, bindigogin da na ga sun mutu ba yawan harbi ya kashe su ba, ƙura ce da sakaci. Mutanen da na san bindigar farauta ta raunata kuma, akasarinsu ba a daji abin ya same su ba, a tsakar gida ne, wajen sharewa ko wajen nuna wa aboki. Saboda haka mai bindiga yana bukatar wuri guda tsayayye da zai riƙa kula da ita, da tsari guda da ba ya sauyawa. Maganata ta tsaya ne kan bindigar farauta mai takarda, irin wadda ake karyawa a tsakiya a saka harsashi, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, kamar Baikal ta Rasha da tsofaffin Simplex da Robust na kamfanin Manufrance da suka shigo ƙasarmu daga Faransa.

Kafin tebur, takarda

Ƙanena, kada ka sayi katako ko ƙusa sai takardunka sun cika. Izinin mallakar bindiga daban yake, yana fitowa ne ta hannun ma'aikatar cikin gida. Izinin farauta ma daban, na ma'aikatan gandun daji ne. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Ta hana farauta a wajen lokacin da hukuma ta buɗe, ta hana farautar dare, da bin nama da mota, da kunna wa daji wuta, da sa guba, da amfani da makamin yaƙi.

Mu mutanen Adar ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan dalilin wannan tsanani. Tun watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara. Ranar 21 ga Maris 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, bisa lissafin gwamnati. A ƙasar da ta ga irin wannan, bindiga marar takarda ba kadara ba ce, masifa ce a rataye a ɗaki. Idan gado ka ci, je ka gyara takardun su koma sunanka. Idan ka tsinci makamin da ba na farauta ba cikin kayan mamaci, kada ka share shi, kada ka ɓoye shi, kada ka sayar. Ka sanar da jandarmomi ko mai gari. Ƙasar nan tana da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, kuma dattawa ba su manta da ranar 25 ga Satumba 2000 ba, da aka tara bindigogi aka cinna musu wuta a Agadas don shaida zaman lafiya.

Kayan da za ka tanada

- Tebur mai nauyi, wanda ba ya girgiza.
- Matsi na ƙarfe mai murɗi, irin na masu walda, da guntayen fata ko katako biyu da za a sa a bakinsa.
- Sandar sharewa ta itace, ko tagulla, ko sanholo, wadda ta ɗara bututun bindigar tsawo. Ban da ta ƙarfe.
- Burushin tagulla daidai da faɗin bututun, da tsohon burushin haƙori.
- Tsummokaran auduga farare, wankakku, a yanka su ƙanana kamar tafin hannun yaro.
- Man bindiga. In babu, man keken ɗinki. Da kananzir kaɗan a ƙaramar kwalba mai murfi.
- Sukundireba uku ko huɗu masu baki daban-daban.
- Tocila mai haske sosai.
- Faranti ko kwanon sha marar zurfi na zuba ƙananan ƙarafa.
- Tabarau na kare ido.
- Akwati biyu masu kwaɗo, kowanne da makullinsa.
- Bokitin yashi, da ruwa da sabulu.
- Littafin rubutu da biro.

Duk wannan ana samunsa tsakanin kasuwar Lahadi ta Tawa da shagunan masu kayan gini, in ban da burushin tagulla da man bindiga, waɗanda sai ka yi saƙo wurin dillali mai izini. Ka lura, harsashi ba ya cikin wannan jeri. Da gangan na bar shi.

Mataki na 1: Zaɓen ɗaki

Kuskuren farko da samari ke yi shi ne shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a baje ƙarafa, yara na kewaye, mata na daka. Nemi ɗaki mai ƙofa da kwaɗo, wanda ba a kwana cikinsa, ba a ci cikinsa. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa na wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa ya zarce haka nesa. Ɗakin ya yi nisa da madafi, da tukunyar gas, da jarkokin man babur ko na janareta. Ya zama da taga, saboda tururin kananzir kada ya taru, amma taga mai rufi, saboda ƙura.

Sannan ka zaɓi bango guda, mai kauri, wanda ka tabbata bayansa babu gadon kowa, babu hanyar wucewa, babu turken dabbobi. Wannan bangon shi ne alƙiblar bakin bindiga muddin tana cikin ɗakin. Dalili shi ne, duk sauran ƙa'idojin suna iya kuɓuce wa mutum rana guda. Ranar da suka kuɓuce, wannan ɗaya ce za ta sa a yi gyaran bango maimakon a yi jana'iza.

Mataki na 2: Kafa tebur

Ka sa kafinta ya yi maka tebur mai tsayin kamar santimita 90, tsawo 120 zuwa 150, faɗi 60. Katakon sama ya yi kauri, wajen santimita 4. Mutum dogo ya ƙara tsayin kaɗan, domin wanda ke aiki a sunkuye yana gajiya, wanda ya gaji kuma gaggawa yake yi. A buga siririn katako a gefuna uku ya zama kamar dakali, don ƙaramin sukuru ko waya mai lanƙwasa kada ta gangara ta faɗa cikin rairayi. Wanda ya taɓa neman ƙarfen da bai kai ƙwayar wake ba a daɓen ƙasa ya san abin da nake nufi, kuma irin waɗannan ƙarafa ba a sayar da su a kasuwarmu.

Ɗora ƙafafun a kan bulo ko fale-falen duwatsu, waɗanda Adar ba ta rasa ba, saboda gara. Ɗaure matsin a kusurwa da sukurori masu ratsa katako, ta yadda in ka maƙala bututu bakinsa zai dubi bangon da ka zaɓa. Kada ka taɓa matse bututu da ƙarfe tsirara. Bututun bindigar farauta siriri ne, murɗi ɗaya mai ƙarfi zai loɓa shi. Sa fata a tsakani, ka matse daidai yadda ba zai zame ba kawai. Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, domin baƙin ƙarfe ya fi fita a kan fari. Fitilar sola ko ta lantarki ta sauko daga sama. Aci-bal-bal, kyandir da sigari ba su da wuri a ɗakin nan.

Mataki na 3: Tabbatar da babu komai a ciki

Wannan shi ne uban matakai. Tun a bakin ƙofa, kafin ka shiga, ka juya bakin bindiga inda ba kowa, yatsanka nesa da kunama, ka karya ta. Duba da ido. Sa yatsa ka taɓa. Ɗaga ta wajen haske ka leƙa daga baya har ka ga haske ya fito zagaye cif. Sannan ka laluba aljihunanka da jakarka, ka fitar da duk harsashin da ke jikinka, ka kulle shi a akwatinsa kafin ka taka ɗakin.

Ka yi haka ko da kai ka ajiye ta jiya da hannunka. Ka sake yi in an kira ka waje ka dawo. Ka sake yi in wani ya miƙo maka ita, ko da mahaifinka ne, kuma wannan ba raini ba ne. Kai ma in za ka miƙa wa wani, a karye za ka miƙa. Ƙwaƙwalwa tana ruɗin mutum, tana nuna masa abin da ya saba yi a matsayin abin da ya yi. Ido da yatsa su ne shaidu biyu da ake karɓa a nan.

Ga masu tsohuwar bindigar toka ta gado, wadda ake ɗurawa ta baki, ita ba a leƙa cikinta. Ana zura sanda har ta tsaya, a yi alama daidai baki, a fitar a gwada a jikin bututun ta waje. In sandar ba ta kai ƙarshe ba, akwai ɗuri a ciki, kuma albarushi yana iya shekaru da yawa bai mutu ba. Kada ka busa, kada ka haska da ashana, kada ka kai ta maƙera a gasa. Ka nemi dattijon da ya san ta, ka kuma daidaita matsayinta da hukuma.

Mataki na 4: Kwancewa, da sanin inda za ka tsaya

Bindigar da ake karyawa kashi uku take rabuwa ba tare da kayan aiki ba: itacen gaba, bututu, da gindi mai ɗauke da kunama. Wannan ya isa ga sharewar yau da kullum. Jera su daga hagu zuwa dama yadda ka cire su, don mayarwa ta zo da sauƙi.

Cikin gindin, inda allura da wayoyi masu ƙarfi suke, ba wurin mai koyo ba ne. Wayar da ke tura allura a matse take, in ta ƙwace tana iya fasa ido, shi ya sa na sa tabarau cikin jeri. In dole ka kwance sukuru, zaɓi sukundireban da bakinsa ya cika tsagar daga gefe zuwa gefe. Ƙarami yana zamewa ya cinye kan sukurun. In ya ƙi juyawa, ɗiga masa kananzir ka bar shi ya kwana. Guduma ba ta buɗe sukuru, kashe shi take yi.

Mataki na 5: Share bututu

Fara daga baya, inda harsashi ke shiga, ka tura zuwa baki. Bakin bututu shi ke tattara ƙwayoyin harbi, in sanda ta yi ta gogarsa sai ya buɗe, harbi ya riƙa watsewa. Da farko tura busasshen tsumma ya kwashe rairayi. Wannan yana da muhimmanci a ƙasarmu fiye da ko'ina: in ka fara da burushi alhali akwai yashi a ciki, ka zama mai wasa bututu da dutse. Bayan haka sai tsumma mai ɗan kananzir, ka bar shi minti goma ya jiƙa dauɗar. Sannan burushin tagulla, sau takwas ko goma, kowane turi ya fita gaba ɗaya kafin ka jawo. Sai busassun tsummoki, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe ya fito fari.

Kada ka manta da ɗakin harsashi, da ɗan ƙarfen da ke turo kwanso waje. Nan ne burushin haƙori yake aiki. Dauɗar da ke taruwa ƙarƙashinsa ita ke hana bindiga rufuwa daidai, mai ita kuma ya riƙa buga ta da ƙarfi har maɗaurin ya saki.

In ka ga jan tsatsa a waje, shafa mai, ka bar shi ya kwana, ka goge da tsumma mai kaushi. Ban da takardar gogar katako, ban da toka da yashi irin na wanke tukunya. Baƙin launin nan da ke jikin ƙarfe riga ce ta kariya, in ka kankare ta tsatsa za ta dawo ninki biyu kafin damina ta fita.

Mataki na 6: Dubawa

Sharewa rabin aiki ce, rabin kuma dubawa. Haska tocila a farin ƙyalle ka leƙa ta baya kana juya bututun a hankali. Lafiyayyen bututu santsi gare shi kamar madubi. In ka ga inuwa mai zagaye kamar zobe, bututun ya kumbura. In ka ga tabo, ya loɓa. In ka ga ramuka kamar zanzana, tsatsa ta ci. Bi wajen da tafin hannu, domin hannu na jin abin da ido ya tsallake.

Akwai maƙiyin da littattafan Turawa ba su cika ambata ba: zanzaro. Yana son rami mai duhu, kuma a cikin mako guda yana iya gina ɗakinsa na laka a cikin bututun da aka rataye. Haka ma ƙasar da ke shiga in mutum ya dogara bakin bindiga a taɓo, kamar yadda ake yi a bakin tafkin Tabalak, ko tsumman da aka cusa don hana ƙura aka manta. Duk abin da ya toshe bututu, komai ƙanƙantarsa, yana iya sa ya fashe daidai inda hannun hagu yake riƙe.

Sannan ka harhaɗa ta ba tare da itacen gaba ba, ka riƙe gindi ka girgiza. In ka ji bututu na motsi, ko ka ga haske tsakanin bututu da gindi, ta saki. Mai baki biyu kuma, rataye bututun a yatsa ka ƙwanƙwasa da itace: lafiyayye yana ƙara kamar ƙararrawa, wanda haɗinsa ya saki ƙararsa a mace take. Duba ƙota wajen wuya, nan take fara tsagewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, ka ajiye bindigar. Ɗaurin waya da robar taya ba magani ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na 7: Mai

Yawancin masu koyo suna ganin yawan mai shi ne ƙauna. A ƙasar da hunturu ke kwashe wata uku zuwa huɗu yana tankaɗe ƙura, mai da ƙura in sun haɗu kwaɓi suke zama mai cin ƙarfe. Ɗigo ɗaya a maɗaurin da bindiga ke karyewa, ɗigo ɗaya a ɗan ƙarfen turo kwanso. Sauran jikin kuwa tsumma mai ɗan danshin mai ya isa, ta yadda in ka shafa yatsa za ka ga ƙyalli amma ba za ka ga jiƙa ba. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da iska ke da laima, ka ƙara kaɗan, ka riƙa dubawa duk mako biyu. Kafin ka fita farauta, tura busasshen tsumma ya kwashe man da ke cikin bututu.

Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su zama ƙaro, su riƙe allura. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe da dauɗa. Ƙota kuma ba ta son man ƙarfe, yana shiga itace ya ruɓar da shi. Abin da take so shi ne ɗan kakin zuma a murza da tsumma a farkon hunturu, don bushewar iska kada ta tsaga ta. In ka gama, wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci ko goro, domin dauɗar bututu akwai dalma a ciki. Tsummokaran da suka sha mai ka zuba su a gwangwani mai murfi ka fitar da su daga ɗakin.

Mataki na 8: Harsashi

Karanta rubutun da ke ƙarƙashin bututunka. Za ka ga lamba kamar 12/70. Ta farko faɗin bututu ce, ta biyu tsawon ɗakin harsashi ne da milimita. Akwai 65, akwai 70, akwai 76. Ga tarkon: ana auna tsawon harsashi ne bayan ya buɗe, saboda haka na 76 zai shiga ɗakin 70 lafiya lau, ya rufu. Sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa, ƙarfin ya taru fiye da abin da aka gina bindigar a kai. Tsofaffin bindigogin Faransa da yawa 65 ne. Shiga ba shaida ba ce, rubutu ne shaida.

Tarko na biyu ya fi muni. Harsashin lamba 20 in ya faɗa bindiga mai lamba 12, zamewa yake yi ya maƙale a gaba. Mai ita ya leƙa ya ga wuri fili, ya ƙara na 12 a baya. Kada ka taɓa haɗa lamba biyu a jaka ɗaya.

Ajiye harsashi a kwalinsa, a akwati mai kwaɗo, a wuri mai sanyi da bushewa, a ɗaki dabam da bindiga. Ban da cikin mota, ban da ƙarƙashin kwano. Wanda ya kumbura, ko gindinsa ya yi tsanwa, ko ya jiƙe, an gama da shi. In ka ja kunama a daji bai tashi ba, riƙe bakin inda ba kowa har ka ƙirga sittin kafin ka karya, domin akwai mai jinkirin tashi. Irin waɗannan ka ware su, ka tambayi jandarmomi yadda za a rabu da su. Kada a jefa a juji, domin juji ana ƙona shi kuma yara na tona shi.

Mataki na 9: Ajiya

Bindiga ta kwana babu komai a cikinta, a kulle, makulli a jikinka. Ƙarƙashin katifa, bayan ƙyaure da saman rumbu duk yara sun san su. In akwatinka gajere ne, raba ta uku, hakan ma ya fi. Kada ka jingina ta da bangon ƙasa da damina, bango na tsotsar laima. Kube na fata, duk da kyawun aikin dukawanmu, na tafiya ne ba na ajiya ba, domin fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe danshi tana cin ƙarfe. Naɗe ta da tsumman auduga mai tsabta. In a tsaye za ka ajiye, bakin ya dubi ƙasa a kan katako, don ragowar mai kada ya gangara cikin ƙota.

Mu 'yan Adar matafiya ne. In za ka ci-rani Abijan ko wani wuri na watanni, kada ka bar makulli a hannun yaro, kada ka ba da aron bindiga. Lambar da ke jikinta sunanka take ɗauke da shi, duk abin da aka aikata da ita ƙofarka za a ƙwanƙwasa. In an sace, ka kai rahoto a ranar.

Mataki na 10: Littafi

Rubuta lambar bindiga, lambar takardunka da ranar ƙarewarsu. Rubuta harsashi nawa ka saya, nawa ka harba, nawa ya rage, da ranar kowace sharewa da abin da ka gani. Ranar da lissafi ya ƙi fita, ka san wani hannu ya shiga akwatinka, kuma gara ka sani da wuri.

Abin da ba a yi a kan wannan tebur

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ta sake cika kwanson da aka harba, saboda harsashi ya yi tsada. Ba na yi, ba na koyarwa. A Turai da Amurka masu yin haka suna da ma'auni mai gane abin da bai kai ƙwayar gero nauyi ba, da albarushi mai suna da lamba, da jadawalin da aka gwada a ɗakin gwaji, da dokar da ta tsara abin. Harsashin 12/70 na yau da kullum ana yarda ƙarfinsa ya kai bar 740 bisa ma'aunin hukumar CIP, wadda tambarinta ke kan kwalayen harsashin Turai. Tayar mota bar 2 zuwa 3 take ɗauka. Wannan ƙarfin yana tashi ne tazarar taƙi ɗaya daga fuskarka. Wanda ke auna albarushin da bai san asalinsa ba da murfin kwalba, idonsa da yatsunsa ya kai kasuwa. Mafi hatsari kuma shi ne fasa harsashin zamani a zuba garinsa a bindigar toka. Ba a gina ta don shi ba, tarwatsewa take yi.

Haka narka dalmar tsohon batir a gida don yin ƙwayoyi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Dalma ba ta da wari, tana zama a ƙurar tsakar gida, yaro mai rarrafe ya kai ta baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada.

Kada ka goge kunama don ta yi laushi, domin wadda aka goge tana tashi da kanta in bindiga ta faɗi. Kada ka kai bututu wurin mai walda. Kada ka yanke shi. Kada ka taɓa lambar da ke jiki. Kada kuma ka gwada gyara da harbi sama a cikin gari, ko a biki ko a suna. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma ba ya zaɓen kan da zai faɗa wa.

Ƙanena, iyayenmu maharba sun riƙe wannan sana'a da kunya da ƙa'ida. Ba sa tsallaka makami, ba sa nuna shi ga mutum ko da wasa, ba sa harbin mai ciki ko mai goyo. Barewa da tuje da suka saba gani a arewacin Adar yau sun yi ƙaranci, abin da ya rage amana ce a hannunmu. Ka gyara takardunka, ka kafa teburinka, ka kulle akwatunanka biyu. Duk ranar da ka ɗauki bindiga, ka karya ta ka duba kafin komai, ka kuma koya wa na bayanka haka tun kafin ka koya masa saiti. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.